Sunan Bibi Sengailo a Ƙasan Shafi

A wata unguwa bayan tashar motoci ta garin Iringa a ƙasar Tanzaniya, an yi wata malama mai suna Yustina Kalinga, wadda kowa ke kira Mama Atu, da 'yarta tilo Atukuzwe, wato Atu, 'yar aji biyu a sakandare. Su biyu ne kaɗai a gidan tun rasuwar mahaifin yarinyar. Ba su rasa abinci ba, ba su rasa bargon rufa a watannin sanyi ba. Abin da suka rasa shi ne lokaci. Da safe Mama Atu malamar tarihi ce, da yamma kuma ita ce ɗaliba, tana haɗa kundin digirinta na biyu a kan abin da mata suka gani a shekarun da aka kwashe mutane daga gonakinsu aka tara su a sababbin ƙauyuka. Teburi ɗaya ne a gidan, a kansa ake cin ugali, tuwon masarar ƙasar, a kansa ake guga, a kansa ake rubutu. Ga kuma yatsun Mama Atu, da suka ƙware a riƙon alli, amma in sun hau kwamfuta sai su koma kaza mai tsintar tsaba: ta danna harafi ɗaya, ta tsaya neman na biyu.

Saboda haka suka raba aikin. Uwar ta rubuta da hannu, Atu ta buga a kwamfuta in ta dawo daga makaranta. Takardar da aka gama bugawa kuwa a jefa ta kwando, da ita ake hura gawayi.

Tun ranar farko Mama Atu ta jawo kujera kusa da ita ta nuna mata tsarin.

"Duba nan. Duk inda muka ɗauko maganar wani, sai mu sa 'yar ƙaramar lamba a ƙarshenta, can sama. Sai ki sauko ƙasan shafi, ƙarƙashin wannan layin, ki maimaita lambar, ki faɗi mai maganar. Shi ake kira madogara. In littafi ne, sunan marubuci, waƙafi, sunan littafin a karkace, gari da shekara a cikin baka, sannan shafi. In kuwa mutum ne muka zauna da shi, sunansa, waƙafi, ƙauyensa, waƙafi, ranar da muka yi hirar."

"To Mama, in na bar waƙafi ɗaya wa zai mutu?"

"Ni mana. Dakta Lyimo zai yanka ni da jan biro, ki zama marainiya a kan waƙafi."

Dakta Lyimo shi ne mai duba aikin, kuma Atu ba ta taɓa ganinsa ba, sai dai ta san hannunsa sarai. Shafi zai tafi wurinsa fari tas, ya dawo kamar an yanka kaza a kansa. Atu ta yi dariya, amma uwar ta dafa mata hannu.

"Bar ta Dakta. Ki riƙe wannan. Matan nan ba su da littafi, ba wanda ya taɓa rubuta sunansu in ba a katin asibiti ba. Maganarsu ita ce abin da suka ba ni. Wanda ya ɗauki maganar mutum bai ambaci sunansa ba, sata ya yi, ko da yana sanye da kwat."

Atu ta riƙe, riƙo kuwa ba na wasa ba. Kafin a jima ta fi uwar iya jera madogara. Ita ce mai cewa, "Mama, kin manta shekara a nan," ko "Wannan ai aya ce, ba waƙafi ba," uwar ta ce, "Ranki ya daɗe, Farfesa." Jan biron Dakta Lyimo ya fara raguwa, kuma duk shafin da ya dawo da haske, Atu takan ji kamar ita aka yaba.

Ana nan sai aka sa wa Mama Atu ranar da za ta karanta babi ɗaya na kundin a gaban malaman sashensu na jami'a da sauran ɗalibai, a raba wa kowa kwafi ya bi da ido. Atu na buga babin wata yamma, uwar tana can makaranta tana duba jarrabawa, sai ta iso kan wata magana da ta sa ta dakata:

"Ba soja ne ya sa wa rumbuna wuta ba. Ƙanin mijina ne, wanda nake zuba wa abinci kullum. Shi ne shugaban gidaje goma a lokacin. Ya ce da ni, yi haƙuri matar yaya, in ban fara da naki ba, ba wanda zai tashi."

Atu ta san muryar nan. Bibi Sengailo ce, wato Kaka Sengailo, tsohuwar ƙauyen Itengulo, wadda suka je wurinta a hutun da ya wuce. Ita Atu ce ma ta riƙe rikoda, tsohuwar tana gasa mata masara tana tsokanarta wai hannunta na rawa kamar na mai satar ƙwai. Ba ta dai ji ƙarshen hirar ba, don yaran gidan sun ja ta zuwa rafi. Ta duba madogarar da uwar ta rubuta, sai ta ga: "Hira da wata tsohuwa, gundumar Kilolo." Babu suna, babu ƙauye.

Ta girgiza kai tana murmushi. Gajiya ce ta sa Mama mantuwa, ba shakka. Duk matan da ke babin an ambace su, sai Bibi, wadda maganarta ta fi ta kowa nauyi, ita za a bari a matsayin wata tsohuwa? Ga kuma jan biron Dakta yana jira. Ta goge, ta rubuta sunan cikakke, waƙafi, Itengulo, waƙafi, ranar ma ta tuna, don ranar kasuwar ƙauyen ce. Ta kalli layin, ya yi kyau, ba abin da ya rage. Ba ta faɗa wa uwar ba, tana so sai an yaba tukuna ta ce ai ita ce. Da gari ya waye ta hura gawayin shayi da takardun jiya kamar kullum, Mama Atu kuma ta zari filashin da aka zuba babin a ciki a gurguje ta nufi shagon buga takardu.

Da yamma uwar ta dawo ba tare da sallamar da ta saba ba. Ta ajiye jaka, ta zauna a bakin teburi da takalmanta a ƙafa.

"Mama, yaya? Sun tafa miki?"

"Sun tafa."

"Dakta fa?"

"Ya ce madogarata ta yi kyau." Sannan ta ce, "Atu, na yi ɓarna. Sunan Bibi Sengailo yana cikin takardar. Ina cikin karantawa idona ya faɗa kansa, sai da harshena ya sarƙe."

Atu ta buɗe baki za ta ce ai ita ce ta gyara, amma fuskar uwar ta hana ta.

"Kafin mu tashi a ranar nan, kina rafi, ta kama hannuna ta ce, 'Ki rubuta maganar, amma kada ki rubuta ni. A gidan ƙanin mijin nan nake zaune, jikokinsa ke ɗebo min ruwa.' Na ɗaga hannu na yi mata alkawari. Kuma kin san wa ke zaune a layin gaba yau? Malam Festo Kibiki, ɗan wancan ƙanin mijin nata. Ajinmu ɗaya a jami'a. Da babu suna, da magana ce ta kowane ƙauye, an yi shugabannin gidaje goma ba iyaka. Amma da sunanta, ai ubansa na nuna da yatsa a gaban jama'a. Ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya fita."

Ta dafe goshi. "Ni ce. Rabin aikin nan ina gyangyaɗi nake rubuta shi. Hannuna ya saba da suna, waƙafi, ƙauye, sai ya tafi shi kaɗai. Ke abin da kika gani kika buga, 'yata. Kada ki damu."

Atu ta kalli kwandon takardu, babu komai a ciki. Ta kalli murhu. Ba wanda zai taɓa sani in ba ta faɗa ba. Ta miƙe, ta ce, "Bari in ɗora wake."

Kwanakin da suka biyo baya sun yi wa Atu tsawo. Tana kallo uwar na bin abokan karatunta ɗaya bayan ɗaya tana karɓo kwafin, tana ba su haƙuri, tana cewa kuskurenta ne. Tana ji ta kira Dakta Lyimo a waya, murya ƙasa-ƙasa, "E, Dakta, sakacina ne, na sani, na sani." Kowane "sakacina ne" sai ya sauka a ƙirjin Atu. Ta yi ta aikin gida har da wanda ba a sa ta ba, ta wanke labule, ta goge takalman uwar, ta share gaban gidan maƙwabta.

"Ke lafiya kuwa?" in ji uwar. "Ko kin fasa wani abu ne kin ɓoye? Kwana biyu ko tsiwa ba ki yi min ba."

"Ba komai, Mama."

"To ci abinci. Ugalin nan ba ado aka kawo shi ba."

Ta gutsira, ta tauna, ta ture kwanon. Abin da ya fi ci mata rai, uwar ta ƙara mata kirki a kwanakin nan, kamar mai neman wanda za ta jingina da shi. Sau da yawa ta shirya maganar a ranta, har ta jera ta tsaf, amma in ta zo gaban uwar sai ta ga ramar da ta yi, sai ta ce gobe.

Kwafin Malam Kibiki kaɗai ba a samu ba. Labari ya zo cewa ya tafi da shi ƙauye. Mama Atu ta ce ranar Asabar za ta je Itengulo ta durƙusa a gaban tsohuwar.

"Zan bi ki," in ji Atu.

"Me za ki je yi? Ba biki ba ne."

"Zan riƙe miki jaka."

Motar ta yi ta hawa tsaunuka tana nishi, ga buhuna, ga kaji a ƙarƙashin kujera. Atu ta ce, "Mama," uwar ta juyo, sai yaron mota ya ƙwala kiran wata tasha, ta ce, "A'a, ba komai."

Ɗakin Bibi Sengailo yana gefen babban gidan Kibiki, bayan kurmin gora. Wancan zuwan, tun daga nesa yara suka tarye su da gudu. Yau yaran suna bakin ƙofar babban gida, sun ga Atu sarai, ɗaya ta fara ɗaga hannu, wata mata ta daka mata tsawa daga ciki, duk suka shige. 'Yar hanyar da ta haɗa ɗakin tsohuwar da tsakar gidan an tare ta da ƙaya.

Bibi na zaune a kan kututture tana ɓarar wake. Suka gaishe ta, "Shikamo, Bibi," ta amsa ba ta ɗago ba.

"'Yan birni. Yau ba ku zo da akwatin nan mai haɗiye magana ba? Ai da kun kawo, ina da sabon labari."

Mama Atu ta durƙusa a ƙasa, ba ta ko shimfiɗa zane ba. "Bibi, na zo ne..."

"Na san abin da ya kawo ki. An karanta min. Festo ya tsaya a nan inda kike, da tabarau, ya karanta min da Turanci, ya juya min da harshenmu, don kada wani abu ya wuce ni. Ashe sunana yana da daɗi a bakin mai ilimi." Ta jefa wake a kwano. "Uban nasa bai ce komai ba, shi ido ma ya tafi. Matan gidan ne suka ce tunda ina da bakin kai ƙara birni, to birni ta ɗebo min ruwa."

Atu ta dubi tulun da ke bakin ƙofa. A kife yake. Gefensa ga wata 'yar jarka, irin wadda tsohuwa za ta iya ɗagawa, da jiƙaƙƙen tsumma na gammo.

"Bibi, na ci amanarki," in ji Mama Atu. "Kin riƙe hannuna, na yi miki alkawari, kuma da hannun nan na rubuta sunanki. Ba ni da abin cewa."

"Ba ita ba ce!"

Atu ba ta san lokacin da maganar ta fito ba. Ta zube kusa da uwar, kuka ya ƙwace mata, maganar na fita a gutsure. "Mama ba ta sa suna ba. Wata tsohuwa ta rubuta. Ni na goge na sa. Na ɗauka mantawa ta yi. Kowa an sa sunansa sai ke, Bibi, na ga kamar an raina ki. Kuma na ƙone takardar, kuma da ta ce ita ce na yi shiru, tun ran nan na yi shiru..."

Mama Atu ta juyo tana kallonta, kallon da Atu ba ta iya jurewa ba, ta sunkuyar da kai.

Bibi ta ajiye kwanon. "Ke ce mai rawar hannun nan? To ashe ya daina rawa." Ta tsura mata ido. "Wato ke kika ga an raina ni. Ni da na kai shekarun nan ban san inda mutuncina yake ba, sai da kika zo daga Iringa kika nemo min shi."

"Ki yafe min, Bibi."

"Yafiya ba wuya, yarinya, baki ne. Ruwa ne ke da nauyi. Kin tambaye ni? Ko uwarki da ke kwana ɗaki ɗaya da ke, kin tambaye ta?"

"A'a."

"To."

Mama Atu ta numfasa. "Da laifina a ciki, Bibi. Na koya mata cewa a sa sunan kowa, na nanata har ta haddace. Ban taɓa gaya mata akwai wanda ake rufe sunansa ba. Rabin doka na ba ta."

"Ku raba laifin a mota, ni ba alƙali ba ce," in ji tsohuwar.

Mama Atu ta tashi ta zaga ta babbar ƙofa ta shiga gidan Kibiki. Atu na jin muryoyi suna tashi suna sauka. Ta ɗauki tulun ba tare da an sa ta ba ta gangara rafi. Hanyar ta fi yadda ta tuna nisa, ga santsi a gangaren, ta yi ta tunanin ƙafafun Bibi a kan duwatsun nan. Ta cika tulun, ta koma, ta cika randa, ta sake komawa, har wuyanta ya ƙage. Tsohuwar na kallonta ba ta ce sannu ba, sai can ta ce, "Ki rufe randar, kaji na sha."

Da uwar ta fito, idanunta sun yi ja. "Sun ce sai an cire maganar gaba ɗaya daga kundin, da suna ko babu suna. In an cire, za su duba. Ban amsa musu ba, Bibi. Maganarki ce, ba tasu ba, ba tawa ba. Abin da kika ce shi zan yi."

Bibi ta daɗe tana kallon ƙayar da ke kan hanya.

"Tun ina da ƙarfina maganar nan take zaune a ƙirjina. Na so a ce tana wani wuri in na mutu, ko da ba wanda ya san tawa ce." Ta ɗauki kwanon wakenta. "Cire ta. Ina son yaran nan su dawo. Ƙaramar ma ni nake mata kitso."

A mota uwar ba ta yi mata faɗa ba. Sai da suka fara hango rufin gidajen Iringa ta ce, "Kuskuren na fahimce shi. Shirun ne ya yi min ciwo, Atu. Kina kallona."

"Na sani, Mama."

"To kada ki ƙara."

Washegari bayan an taso daga coci suka zauna a teburi. Mama Atu ta buɗe babin, ta tura wa Atu kwamfutar. Atu ta nemo wurin, ta karanta maganar rumbun a ranta, sannan ta goge ta, ta goge madogarar, lambobin da ke biye suka matso suka cike gurbin kamar ba a taɓa rubuta komai a wurin ba. Babin ya rage armashi, su duka sun san haka. Ko yaran sun koma ɗakin Bibi, ba a ji ba tukuna, kuma Atu ta riga ta roƙi uwar ta bar ta ta je Itengulo ranar Asabar mai zuwa saboda randar.

A ranar Atu ta gane cewa ba mantuwa ce ta sa uwarta barin wurin nan babu suna ba, alkawari ne take cikawa. Ta kuma gane cewa kafin a rubuta sunan mutum, ko don a girmama shi ne, sai an tambaye shi.